Sanarwar Rasuwata a Maitama

Tun da na dawo daga Abuja ban huta ba. A kasuwa a tare ni, a gidan suna a tare ni, hatta mai keken da ke kai ni aiki ya ƙi karɓar kuɗina wai sai na ba shi labari. Wasu don tausayi suke tambaya. Wasu kuwa, irin su Binta ta sashen talla, tsokana ce kawai, kullum da safe sai ta ce, "Marigayiya, an tashi lafiya?" To na gaji da maimaitawa. Ga shi nan na rubuta, mai son ji ya karanta, wanda bai iya ba a karanta masa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Asabe, mai gabatar da shirin mata da na gaishe-gaishe a gidan rediyon garinmu, can gaba da Funtuwa. Ƙaramar tasha ce mai zaman kanta, kuma duk wanda ya san cikinta ya san ba labarai ke ciyar da ita ba. Sanarwa ce: ɗaurin aure, cigiya, sai kuma rasuwa. Ita sanarwar rasuwa mutum ɗaya ke karanta ta, Malam Garba. Tun ina firamare nake jin muryarsa a rediyon jiha, kafin ya dawo gida da aka buɗe tamu.

Malam yana da wata ƙa'ida da ba ya sauka daga kanta. Ba ya karanta rasuwar kowa sai ya tabbatar. Ka kawo takarda, zai dube ka ta saman tabarau ya ce, "Wa ya aiko ka? Wa zai yi masa sallah?" Sannan ya buga wa limamin unguwar. In bai same shi ba, sai ya hau tsohon babur ɗinsa ya je ya gano da idonsa. Manaja ya sha yin mita kan ɓata lokaci da kuɗin mai, amma shi ma ya san dalilin da ya sa mutane ke wuce wasu tashoshi su zo tamu. A garinmu in aka ce wane ya rasu, abin da ake fara tambaya shi ne, "Garba ya faɗa?"

Wata Litinin Manaja ya kira mu ofis, ni da Malam. Ya ce wani kamfani a Abuja zai yi taron horo na kwana uku kan ƙirƙirarriyar basira, wannan abin da ake kira AI, kuma sun ce a turo musu masu murya. Da ina da wayo da na tsaya a kan wannan kalma na tambaya me za a yi da murya a wurin horo. Amma ni Kurudu kawai na hango, wata unguwa a gefen Abuja, inda yayata Hajara take aure, shekara biyu ban sa ta a ido ba.

Inna, mahaifiyarmu, da ta ji zan je wurin Hajara, sai ta haɗa mini kaya kamar zan buɗe shago: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa da man shanu a gora. Muka shiga motar haya da sassafe, mu huɗu a kujerar mutum uku. Kafin mu kai Zariya daddawa ta gama gaisawa da kowa. Wani ma'aikaci a gefena ya toshe hanci da hankici yana ta tsaki. Na ce masa, "Malam, in dai miyar kuka ta raine ka, ka yi haƙuri da uwarta." Bai sake kula ni ba har Kaduna.

Daga Kaduna zuwa gaba aikin hanya ne, a karkata nan a koma can, rana ta buɗe, kowa ya yi laushi. A Tafa aka tsaya cin abinci. Ni na sayi ruwan sanyi na kwankwaɗe, Malam kuwa sai ya fito da ɗan filas ɗinsa na ruwan ɗumi da citta da kanumfari. Ba ya shan sanyi, ba ya cin soyayyar gyaɗa, ba ya ɗaga murya ko da jikokinsa sun fasa masa tabarau. Na tsokane shi na ce, "Baba, wannan maƙogwaro ya fi amarya gata." Ya ce, "'Yar nan, shi ne gonata."

Babu shinge tsakanin ƙasarmu da Abuja, amma a Zuba na san an tsallaka iyaka. Nan direba ya sauke mu, nan kuma komai ya ninka kuɗi, har ruwan leda. Muka samu wani mai tasi, Bulus, mutumin Filato. Ya ɗaga buhuna ya shinshina ya ce, "Madam, Kurudu yana da nisa fa, kuma wannan kaya naka zai bar turare a mota na. Za ka ƙara wani abu." Na ce ba zan ƙara ko sisi ba, turaren ma kyauta na ba shi. Ya yi dariya ya buɗe but. Mutumin kirki ne, shi ya yi ta jigilar mu har muka baro garin. Amma cunkoson da muka shiga wajen Nyanya, wallahi da ƙafa na taho da na riga shi isa.

Gidan Hajara ɗaki biyu ne a cikin gidan haya. Malam ya sauka a ɗakin ƙanin mijinta, ni na kwana da ita. Ruwa saye ake yi a wurin 'yan garuwa, wuta kuwa in ta zo baƙuwa ce. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne zaman maƙwabtaka. Hajara ta ce mutumin gidan da ke jikin nasu ya rasu, ba su sani ba sai da suka ga an manna takardar neman ɗan haya a ƙofar. Malam yana jan carbi ya ce, "To wa ya kai shi?" Ta ce ita ma ba ta sani ba.

Washegari muna bakin titi muna jiran Bulus, sai ga wani Bafillace ya koro shanu. Malam ya yi masa sannu. Mutumin ya tsaya cak, ya juyo ya ce, "Sake magana." Malam ya sake gaishe shi. Ya ce, "Kai ne mai sanarwa." Ashe mutumin yankinmu ne, Buba, ya daɗe da tasowa nan da dabbobinsa. Ya laluba aljihu ya fito da waya ya kunna mana wani saƙon murya da ya adana. Malam ne yake sanar da rasuwar yayan mutumin. Buba ya ce, "An buga mini an faɗa, ban yarda ba. Da aka turo wannan na ji ka, sai na zauna a ƙasa." Kafin mu bar Kurudu sai da matarsa ta kawo wa Malam kindirmo cike da ƙwarya.

A wani otal a Maitama ake taron. Unguwa ce ta manyan gidaje, ba ka ganin kowa sai masu gadi da masu ban ruwan fulawa, ko yaro ɗaya ban gani yana wasa a waje ba. A ƙofar otal aka leƙa ƙarƙashin motar Bulus da madubi, aka buɗe filas ɗin Malam aka shinshina. Zauren kuwa sanyi kamar cikin firji, dole Malam ya naɗe wuyansa da rawani. Lokacin shan shayi aka kawo wasu 'yan abubuwa a soke da tsinken sakace, in ka ci goma ba ka san ka ci ba. Da rana shinkafa ce mai ja, ba miya. Malam ya kasa ci. Da aka tashi sai da Bulus ya biya da mu kasuwar Gudu muka samu tuwo a wata rumfa, Malam kuma ya sayi fulogi da wayar birki na babur ɗinsa, wai sun fi na gida inganci.

Yanzu ga inda muka yi wautar, kuma ba zan ɓoye ba. Duk ɗan jarida ya san al'adar taro. A bakin ƙofa akwai tebur da takardar halarta, ka rubuta sunanka da adireshinka ka sa hannu, ranar ƙarshe a ba ka ambulan na kuɗin mota. Ba wanda ke karanta ta, kamar yadda ba wanda ke karanta bayan katin waya. Wannan karon akwai wani shafi da aka maƙala a samanta, Turanci ne ƙanana kamar ƙwayar gero. Yarinyar da ke teburin ta naɗe shi baya don mu samu wurin rubutu. Na rubuta Asabe Mamman, Unguwar Tsamiya, na sa hannu. Malam ma ya sa. Mu kusan arba'in daga tashoshi daban-daban, ba wanda ya ɗaga shafin nan.

Mai kamfanin wani saurayi ne da ake kira Injiniya, Bahaushe ne, amma Hausarsa rabi da rabi ce da Turanci. Ranar farko ya yi ta bayani cewa talla ta gudu daga rediyo ta koma waya, tashoshi na mutuwa, dole a rage kashe kuɗi. Wannan gaskiya ne, mu da albashinmu ke zuwa a makare mun fi shi sani. Rana ta biyu aka ce aikin gwaji. Aka riƙa shigar da mu ɗaya bayan ɗaya wani ɗan ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso, a ba ka jimloli ka yi ta karantawa. Ni minti arba'in na yi aka sallame ni. Malam kuwa tun hantsi har la'asar, sallah kawai ke fito da shi. Injiniya sai yaba shi yake: "Baba, wannan murya taka gwal ce." Dattijon nan ya ji daɗi har ransa. A mota yana ce mini ashe har yanzu akwai yaran da suka san darajar aiki, muryarsa ta dushe yana kurɓar ruwan citta.

Rana ta uku aka cika zauren da masu tashoshi da manajoji. Namu Manajan ma sai ga shi, ashe a otal ɗin ya kwana. Mu aka mayar da mu kujerun baya. Wayata ta mutu tun safe don kwana biyu ba wuta a Kurudu, ta Malam kuma an ce kowa ya rufe ƙarar tasa.

Injiniya ya hau mumbari ya ce ga abin da suke sayarwa. Mai sanarwa zai rubuta saƙonsa a waya, ya biya ta waya, na'ura ta gyara ta karanta a rediyo, ba sai an ɗauki ma'aikaci ba. Ba ta rashin lafiya, ba ta zuwa biki, ba ta neman ƙarin albashi. Ya danna wani abu, sai muryar Malam Garba ta cika zauren tana tallan takin zamani. Har ɗan numfashin da yake ja kafin ya ambaci suna yana nan. Na juya na dube shi. Bakinsa a rufe, hannunsa a kan filas.

Wani mai tasha daga gaba ya ɗaga hannu ya ce, "Tana iya sanarwar rasuwa? Don mu can ne abincinmu." Injiniya ya ce, "Sosai ma. Bari in ba ku sampul." Ya waiga yana neman suna, idonsa ya faɗa kan takardar halarta. Ya ɗauka, ya danna 'yan kalmomi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ana sanar da rasuwar Malama Asabe Mamman ta Unguwar Tsamiya, wadda Allah ya yi wa cikawa yau bayan gajeriyar rashin lafiya. Za a yi jana'izarta bayan sallar la'asar a ƙofar gidansu. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

Aka yi tafi. Wallahi tafi aka yi, wasu har da dariya. Ni ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ni ce Asabe Mamman, kuma ban mutu ba, sai dai in kai ne za ka kashe ni." Ta inda na shiga ba ta nan na fita ba. Na tambaye shi ko a gidansu haka ake wasa da sunan mutane, na ce ya sa sunan uwarsa mana in sampul yake so. Manaja yana ta yi mini alama da hannu in zauna, na ce shi ma ya bari zan zo kansa. Injiniya ya ce, "Sori, madam, ba da wata manufa ba ne. Suna kawai na ɗauka."

Sai Malam ya tashi. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba. Ya ce, "Yaro, kafin ka faɗi wannan, wa ka tambaya?"

Injiniya ya ce, "Baba, sampul ne kawai."

Malam ya ce, "Da bakina ka faɗa. Ni kuwa ban taɓa faɗin mutuwar da ban tabbatar ba. Ka cire muryata daga cikin abin nan."

Injiniya ya sa aka kawo takardar halarta, ya warware shafin da aka naɗe, ya nuna masa. A ciki an rubuta cewa duk wanda ya sa hannu ya yarda kamfani ya yi amfani da muryarsa yadda ya ga dama, kuma kuɗin mota shi ne ladansa. Malam ya gyara tabarau ya daɗe yana duban sa hannunsa. Ya ce, "Ni da ke tsare mutane da tambaya a kan takardarsu, ban tambayi tawa ba." Ya ajiye ta ya fita. Ambulan ɗin ma bai karɓa ba. Ni na karɓi nawa, ba zan yi ƙarya ba, da shi muka biya Bulus.

Muna fitowa harabar otal Malam ya duba wayarsa, ya ga kira ya fi a ƙirga. Abin da ya faru shi ne, wani daga cikin mahalarta ya ɗauki muryar da wayarsa ya tura zauren hira na waya na ma'aikatan rediyon jiharmu, ya rubuta a ƙasa cewa ku ji abin mamaki. Wani ya tura gaba ba tare da rubutun ba. Kafin azahar muryar ta shiga Unguwar Tsamiya. Aka buga wayata aka ji ta a kashe. Aka buga wa Hajara, ita kuma ta ce tun safe na fita ba ta ji daga gare ni ba, ta fasa kuka. Maƙwabta suka share ƙofar gida suka shimfiɗa tabarmi. 'Yata Ummi aka ɗauko ta daga makaranta. Inna kuwa, mai hawan jini, a tsakar gida ta yanke jiki ta faɗi.

Na karɓi wayar Malam na buga wa ƙanina, na ce ya kai wa Inna a kunne. Na ce, "Inna, ni ce Asabe. Lafiyata ƙalau, ƙarya ce." Na ji numfashinta. Na sake faɗa. Can ta ce, "Garba ya faɗa." Ni da ta haifa ina mata magana, amma muryar Malam ta fi tawa nauyi a wurinta. Na miƙa masa wayar. Ya ce, "Hajiya, Garba ne. 'Yarki na nan tsaye a gabana da ranta." Wayar a buɗe take, na ji amsarta da kunnena. Ta ce, "To wane Garban zan yarda da shi?"

Bulus ya kai mu Zuba washegari da sassafe, ya ƙi karɓar kuɗin wannan tafiyar. Har muka iso gida Malam bai buɗe filas ɗinsa ba. A Tafa ma na ga ya sayi ruwan sanyi ya sha. Na tarar da Inna a kwance an sa mata ruwa, ɓarin bakinta ya ɗan karkace. Ta warke, alhamdu lillahi, amma har yau in na shiga ɗakinta sai ta kama damtsena ta matsa kafin ta amsa gaisuwata.

Na ɗauka bayan wannan abin kunya Manaja zai ja da baya. Ina. Ya ce duk tashoshin da ke kewaye da mu sun shiga, in muka tsaya za a bar mu a baya, kuma na'urar ba ta kai rabin abin da ake kashewa a sashen sanarwa ba. Na ce masa abin da mutane ke biya ba murya ba ce, zuwan da Malam ke yi a babur ne. Ya ce zuwa a babur ba ya fita a rediyo. Ƙarshen wata aka yi wa Malam 'yar walima da lemo da biskit, aka ba shi agogon bango, aka ce ya je ya huta.

Bai huta ba. Yanzu muryarsa na karanta sanarwa safe da yamma, ta fi da yawa ma, don kowa na iya turawa daga ɗakinsa. Amma da an gama sai wayarsa ta fara ƙara, mutane na tambaya, "Malam, da gaske ne?" Tun yana cewa ba shi ba ne, ya bar aiki, har ya ga ba zai iya barin mutane cikin shakka ba. Ba mai biyansa ko kwabo, man ma daga aljihunsa.

Jiya da hantsi na biya ta ƙofar gidansa zan tafi aiki. Rediyon mai shayin da ke gefe na kunne, Malam Garba na ciki yana sanar da rasuwar wata tsohuwa a Sabuwar Unguwa, da ɗan numfashin nan nasa da komai. Shi kuma ga shi a gabana, ya naɗe ƙafar wando yana ta bugun babur ya ƙi tashi. Na gaishe shi na ce, "Baba, ina zuwa da rana haka?"

Ya ce, "Zan je in ji ko gaskiya na faɗa."